Inno Zulai, Hankakar Kilomita Biyar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Hajiya Zulai, mai atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar da ke birnin Bangi, wadda kowa yake kira Inno. Kafin magariba an kai ta makwancinta. Ni Amira nake wannan rubutu, wadda ta riƙe ba ta haifa ba.

Inno, ke kika san yadda kika same ni. Mahaifiyata tana sayar da garin rogo kusa da rumfarki. Da ta rasu babu wanda ya zo nemana, sai kika kama hannuna muka tafi gidanki a unguwar Kokoro, ban san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, sai Sango, yaren 'yan ƙasa. Kwano ɗaya muka ci da Haris, autanki, bulala ma ɗaya. Amma bakin dangi ba ya rufuwa. In an zo batun 'ya'yanki, ƙanwarki Gwaggo Suwaiba takan ce, "Huɗu ne, sai yarinyar nan." Na girma, na yi aure, na haihu, ban daina zama yarinyar nan ba. Abin yana mini ciwo, kin kuma sani.

Da Haris ya samu aiki a Alaska ya aiko ki je, dariya muka yi ta yi, don ke ce mai neman bargo in an yi yayyafi a Bangi. Kika je kika dawo lafiya. Muna jiran labarin ƙanƙara, sai kika kawo mana labarin wani gida.

Haris ne ya kai ki wani ƙauye da aka keɓe don nuna al'adun mutanen asalin ƙasar. Kika shiga wani babban ɗaki na katako, ginshiƙansa duk sassaƙa. Wata budurwa daga ƙabilar Tilingit ta tsaya tana bayani, Haris yana fassara miki. Ta ce jama'arsu kashi biyu ce, Hankaka da Mikiya, kuma ɗa ɓangaren uwarsa yake bi. In aka yi mutuwa a ɓangare ɗaya, su sai su zauna su yi kuka, ɗaya ɓangaren ya ɗauke musu hidima. Ta ce ita Hankaka ce.

Nan fa kika fashe da dariya har Turawan da ke wurin suka waiwayo. Kika ce, "Haris, gaya mata a wurinmu kirarin hankaka shi ne mai da ɗan wani naka. In haka ne, ni ma 'yar gidansu ce." Budurwar ta riƙe hannunki tana dariya, ta ce su ma sukan karɓi bare ya zama nasu.

Wannan labari babu wanda ya tsira daga gare shi. Mai sayen turmi ɗaya sai ya ji shi, masu taksi-moto, wato 'yan acaɓa, na bakin kasuwa har sun haddace. Amma na lura kin fi ɗaga murya in Gwaggo Suwaiba tana kusa. Kikan nanata, "Ɗa uwarsa yake bi, kin ji ko?" Ita kuma ta taɓe baki ta ce, "Mun ji, Yaya. Kin kashe kuɗin jirgi kin dawo mana da tsuntsaye."

Ba ni kaɗai na ci riƙonki ba. Shekarar da aka rufe unguwa saboda tashin hankali, tukunyarki ba ta taɓa tambayar yaren mai yunwa ba. Kin yi tsufa mai kyau, kin ga jikoki, kin tafi da kalmar shahada a bakinki. Wannan ya sanyaya mana rai.

Ranar da aka fara zaman makoki, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, 'ya'ya da dangi suna zaune ana yi musu gaisuwa, maƙwabta suna ta hidima a madafa. Na tsaya a tsakani ban san inda zan nufa ba, don wadda take tsaya mini ba ta nan. Sai na ɗaura zane na ja kwanuka zan wanke.

"Amira!"

Gwaggo Suwaiba ce. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idonta ya yi ja, ta matsa ta buɗe wuri kusa da ita. Ta ce, "Ke Mikiya ce da za ki yi mana wanke-wanke? Ajiye kwanon nan, ki zo a yi miki gaisuwar uwarki."

Na zauna. Can wata baƙuwa ta shigo, ta yi gaisuwa, ta tambaya 'ya'ya nawa marigayiya ta bari. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Biyar."

Allah ya jiƙan ki, Inno, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Yadda kika kama hannun marainiya, Allah ya kama naki zuwa Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Gwaggo Suwaiba, da Haris da ke nesa bai samu jana'iza ba, da jikoki da 'yan kasuwa. Mu biyar ɗin da kika bari, Allah ya ba mu haƙuri. Amin.