Alƙalin da Ke Zama a Kan Ƙwallo

Mailafiya ya yi shekaru yana hura usur a filin bayan kasuwar Doka, inda 'yan ƙwadagon gonakin dawa da riɗi ke buga ƙwallo ranar Juma'a da la'asar. Ba ya cacar baki da ɗan kallo. Idan wani ya fara zagi ko ya tsallako cikin fili, sai ya tsai da wasa, ya ɗauki ƙwallon ya zauna a kai. Ga rana tana faɗuwa, ga mutane suna son wasa, su da kansu za su ja mai hayaniyar gefe.

Dabarar tana ci, amma ba ta samo masa aboki ba. Bayan wasa kowane ɓangare kan kewaye mai shayi, shi kuwa ba ya zama da kowa, don kada a ce an saye shi da kofi ɗaya. Yakan tura kekensa zuwa ɗakin da ba mai jiransa.

Wanda ya fi zaunar da shi a kan ƙwallo shi ne Harisu, wani tsohon direban tarakta mai ƙatuwar murya. Kowace Juma'a sai ya ɗaga murya ya ce, "Mailafiya, wai makaho ne kai?"

Bana da aka gama yankan riɗi, Harisu ya koma garin Fau wurin 'ya'yansa. Juma'ar da ta biyo baya, wasa ya tafi lami lafiya, ba a tsaya ba. Sai a hanyar gida Mailafiya ya lura cewa duk yinin nan ba wanda ya kira sunansa.