Jan Fentin da Aka Shafa wa Ginina

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da ma'aikatan tsara gari suka shafa wa ginina jan fenti a Haɗeja.

Filin gadona ne daga mahaifinmu, can gefen gari ta wajen kogi. A da kududdufi ne da ake haƙar ƙasar gini, 'yan unguwa suka yi shekaru suna zuba shara har ya cike. Da rani muka je dubawa, ƙasa ta bushe ƙamas, ka rantse tudu ne. Ni kuwa na gaji da zaman haya, ɗaki ɗaya da yara biyu, na matsa wa maigidana lamba aka fara gini. Bulo ya kai taga, sai ga su da bokiti da buroshi.

Na diro daga adaidaita ko mayafi ban gyara ba.

"Malam, filin ubanka ne ko na ubana?"

Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya ce, "Na mahaifinki ne, 'yata, amma ruwa ya riga shi zama a nan. Sabuwar doka ta hana gini a kan kududdufi da hanyar ruwa. In kowa ya cike nasa, ina ruwan zai zauna?"

"Ya zauna a ofishinku!"

Dariya ya yi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce in kai takarduna a musanya min da fili a tudu. Wata biyu ina turjewa, sai da innata ta ce, "Ke dai baki gare ki. A wurin nan muka yi wanka muna yara, ruwa iya ƙirji." Na kai takardun ina gunaguni.

Damina ta kankama, kogi ya yi ambaliya. Ni da maigidana muka shiga kwalekwale don in ga ginin da idona. Saman bulon kaɗai ke leƙowa, kuma daidai inda na ware wa yarana ɗaki, wani masunci ne ke janyo ragarsa. Na riƙe bakin jirgin ina ta hamdala. Maigidana ya ce, "Yau kuma ba magana?"

Yanzu muna gidanmu a tudu. Kasuwa ta yi nisa, kullum ina mita, amma in hadari ya haɗo ba na ƙirga yarana. Abin da na koya shi ne, a garinmu da damina ake duba fili, kuma in an ce min dakata, in fara tambayar dalili kafin in buɗe baki.