Ɓeran Inna da buhunan mangaza

A shekarar da Nasara ke haɗa kayansu za su bar mana ƙasa, ina zaune gidan mijina a wani ƙauye kusa da Mirriya, tare da uwarsa da muke kira Inna. Irin gyaɗarmu a ɗakinta yake kwana. In ya lalace, to babu shuka.

A ɗakin akwai wani tsohon ɓera namiji mai yagaggen kunne. Inna ta hana a kashe shi. Takan ce, "Cinsa kaɗan ne. Ya zagaye bangon nan da fitsarinsa, baƙon namiji in ya shigo sai ya sha cizo."

Ana nan, ana nan, sai maigidana ya kai gyaɗa mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a Zinder, ya dawo da buhuna masu kauri. Don ya faranta wa uwarsa rai, ya juye irin daga tsofaffin tukwanenta zuwa ciki, ya ɗinke baki, yana ta murmushi.

Allah Sarki! Washegari da hantsi muka ji tsuwa. Muka leƙa, ga tsohon nan gashi a tsaye, yana kaɗa wutsiya, yana yagar buhu, gyaɗa na zuba. Ɗansa ma da suka tashi rami ɗaya, don kawai ya bi ta kan buhun, ya kama shi da cizo a gindin wutsiya. Ɓerayen mata kuwa ko kallonsu bai yi ba.

Maigida ya ce, "Inna, ɓeranki ya haukace. Ki bar ni da shi."

Inna ta durƙusa, ta shinshina buhun, ta yamutsa fuska. "Kai ne dai ka kawo masa mazan ɓerayen birni har ɗaka. Fitsarinsu ne a jikin buhun. Yana jin warin abokin gaba, bai gan shi ba, ba dole ya tona ba?"

"To mene ne na faɗa da wari?"

"Je ka tambayi bunsurunka. Kafin a dandaƙe shi wa ke iya zama kusa da shi? Yanzu da ya zama taure, ina warin, ina karon? Abin daga can ƙasa yake tasowa."

Na rufe baki da gefen zane, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Muka tsince gyaɗar, muka mayar tukwane, Inna ta liƙe bakinsu da laka. Buhunan kuma shi ta sa ya wanke da ruwan toka, babba da gemunsa, ya shanya nesa da gida. Tsohon ɓeran ya huce, har muka ga shi da ɗansa suna cin tsaba wuri ɗaya.

Da ruwa ya sauka, irin ya ishe mu, sai ɗan gefen gona da muka cike da wake.

Tun daga ranar, in maigida ya dawo daga Zinder, Inna takan tare shi bakin ƙofa, ta shinshina rigarsa, ta ce, "Tsaya nan tukuna. Mai ɗakin bai ba da izini ba." Shi kuma ya tsaya, yana dariya, har ta matsa masa.