Waken da Ke Cikin Shuɗin Duro

Har gobe in an tuna Kaka a garinmu, abin da ake cewa shi ne, "Allah sarki, tsohuwar nan da ta hau kan duro ta ƙi sauka." Sai a yi dariya, a ce rikicin tsufa ne. To ba haka ba ne, kuma na gaji da jin wannan magana. Kaka ba ta damu da duro ba. Abin da ke cikinsa ta zauna a kai. Ni na fi kowa sani, domin ni na tona mata asiri.

A bayan gari, kafin ka kai fadama, akwai wani tsohon sito inda wani kamfani yake haɗa maganin feshin gyaɗa da auduga. Tun kafin a haife ni suka kulle suka tafi. Iska ta yaye kwanon, ƙofar ta ruɓe, ga shuɗin duro jibge a ciki. In rana ta take, wani wari ne yake tasowa daga wurin, kamar kananzir da aka jiƙa tafarnuwa a ciki. Ko yanzu in na bi ta rumfar masu maganin gona a kasuwa, sai in ji ni a gindin katangar nan muna tsinkar magarya.

Shekarun nan ruwa ya yi ta ɗaukewa da wuri. Ɗan abin da aka samu kuma ƙwari su cinye shi a rumbu. Sai wani ya gano cewa in ka zuba wake a duron sito, ko ƙwaro ɗaya ba ya kusantarsa. Cikin wata guda kowane gida ya mallaki nasa. Kada ka ce mutanenmu sakarkaru ne, sun yi tambaya. Aka wanke duro da toka da sabulu, aka ɗauraye, aka zuba ruwa, aka ɗebo a kwano aka kai wa malamin unguwarmu. Ya duba launi, ya sansana, ya ɗanɗana, ya ce bai ga abin da ya sauya ba, ruwa mai tsarki ne. Tambayar tsarki aka yi masa, ya ba da amsar tsarki. Babu wanda ya tambaye shi batun guba. A wurinmu abin da aka wanke ya tsarkaka, shi ke nan an gama da shi.

Kaka tana da wani irin wake da ta gada wurin mahaifiyarta. Ƙanana ne, fari mai jan ido, ba ya cin itace wajen dahuwa, kuma ko ruwa ya gaza sai ya yi 'ya'ya. Lokacin girbi, in tana sussuka a tsakar gida, nakan zauna ina cusa hannu a cikin ƙwarya, sanyinsa yana bi ta tsakanin yatsuna. Alalen da take yi da shi a ganye, ban sake cin irinsa ba. A shekarun yunwar nan maƙwabta duk suka cinye irinsu. Ita ta hana kanta, ta hana mu, ta zuba nata a duro ta rufe da tsohuwar tabarma a ƙuryar ɗaki.

Da ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, sai ya wanke cikin siton ya gangara kududdufi. Awaki suka sha suka mutu. Yara suka fara amai, har da ƙanwata, sai da aka kai ta asibiti a babur. Kwana kaɗan sai ga motoci daga birni, mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe. Muka sa musu suna 'yan sama jannati. Suka kewaye sito da jan zare, suka kankare ƙasar wurin suna lodawa, sannan suka bi gida gida suna karɓar duro.

Ina aji shida lokacin, ina ji da kaina. An nuna mana a makaranta ma'anar hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ga shi kuwa a jikin duron Kaka. Da suka zo gidanmu Baba ya miƙa na tsakar gida ya ce shi ke nan. Sai na ce, "Akwai wani a ɗakin Kaka."

Kafin su shiga ta riga ta hau ta zauna.

Baba ya ce, "Inna, don girman Allah ki sauka, mutane na kallo."

Ta ce, "Su kalla. Su ɗauki duronsu, su zazzage mini wakena."

Babbansu ya cire abin fuskarsa, ya durƙusa, ya ce, "Hajiya, waken ya sha maganin. Ba zai ciwu ba."

"Wa ya ce maka ci zan yi? Iri ne, ɗana. Ba ni tafi guda."

Ya sunkuyar da kai ya ce ba a ba shi izini ba. Sai ta sauka da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, "'Yar boko, kin iya karatu." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu.

Na san gaskiya na faɗa. Da za a maimaita ma zan sake faɗa, don na ga idon ƙanwata ranar. Amma daga baya aka raba sabon iri, mai manyan ƙwaya da yawan 'ya'ya, kowa yana yabawa, Kaka kuwa ko gonar ba ta sake leƙawa ba. Yanzu inda siton yake fili ne, an zuba jar ƙasa, yara na buga ƙwallo. Ƙananan yaran gidanmu ba su ma san an taɓa yin wani wake daban da wanda suke ci ba.

Makon jiya a gidan suna, wata dattijuwa ta ji ina wannan ƙorafi, ta ce ai a da uwa takan ƙulla wa 'yarta iri cikin kayan aure, kuma ƙanwar Kaka can wajen Makoda aka kai ta. Ita ma ta rasu, amma jikokinta na noma. Baba ya ce in bar wahalar da kaina, ƙila sun daɗe da sauya iri. Ƙila ɗin. Ranar kasuwa zan hau mota in je in bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. In na samu, bana a bayan ɗakin Kaka zan shuka.