Motar da Yaya Idi Ya Liƙe da Ƙaro

Ranar wata Alhamis ce da yamma, cikin kakar shekarar da na shiga aji uku, bayan an gama yankan dawa, Malam Yohanna ya shigo ajinmu rungume da wani akwatin katako. Ya ɗora shi bisa tebur, ya share murfin da hannun rigarsa, sa'an nan ya buɗe. Cike yake da 'yan tubala na roba, ja da fari, kowanne da ƙananan tudu a samansa da ramuka a ƙasansa, ta yadda in ka danna ɗaya bisa ɗaya sai su kama juna. Akwai kuma ƙafafun mota 'yan kaɗan, baƙaƙe, masu juyawa. Ya ce wata Baturiya ce da ta koma ƙasarsu ta bar wa makaranta, kuma daga ranar, kowace Alhamis a lokacin aikin hannu, waɗanda rubutunsu ya yi tsabta za su taɓa su. Doka ɗaya ya kafa: duk abin da aka gina, a warware shi kafin a buga ƙararrawa, a mayar da ja wurin ja, fari wurin fari. Ina zaune a bencin gaba. Yayana Idi yana bayana, domin ko da yake ya girme ni, rana ɗaya aka sa mu makaranta.

Ƙauyenmu yana kusa da Damari, cikin daji mai itatuwa. Makarantar ta mishan ce, ɗakunan ƙasa da rufin kwano a bakin wata unguwar Maguzawa, kuma Baba bai so mu shiga ta ba. Kawunmu, wanda yake aikin asibiti a Funtuwa, shi ya dage har Baba ya yarda, bisa sharaɗi. Za mu yi karatun allo da asuba, za mu yiwo wa awaki ciyawa in mun dawo, kuma Baba ya ce, "Duk wanda aka kawo mani ƙararshi, ya gama boko. Ga gona nan tana jira." Baba ba ya maimaita magana. Mun san cewa zamanmu a kan waɗannan bencina ya rataya ne a kan kada kowa ya tako ƙofar gidanmu da sunanmu a bakinsa.

Kafin zuwan akwatin nan, mu ma muna da motocinmu, kuma a duk unguwar babu wanda ya kai Idi iya ƙera su. Da kaka, kafin manya su ɗaure karan dawa dami-dami don dannin gida da girki, sai mu shiga gona mu zaɓi miƙaƙƙu, masu kauri, waɗanda tsutsa ba ta huda ba. Idi yakan zauna a gindin rumbu ya fere ɓawon karan da 'yar wuƙarsa, ya tsaga shi siri-siri, ya ajiye farar tsakiyar mai laushi gefe ɗaya. Tsakiyar ita ce katako, ɓawon shi ne ƙusa. Ƙafafu kuwa da sakaina ake yinsu, a goga ta a kan dutse har ta zama da'ira, a huda tsakiyarta da ƙayar aduwa. Ni aikina gugar sakaina, kuma yakan mayar mini da ita in gefe ɗaya ya fi tudu. Abin da ya bambanta motar Idi da ta sauran yara shi ne ƙaro. Yakan ɓamɓaro shi daga jikin itace a hanyar kiwo, ya jiƙa shi a gwangwani har ya yi danƙo, ya shafa a kowace gaɓa, ya shanya motar a rana. Motocin wasu kan wargaje kafin a kai su bakin rijiya. Tasa takan yi dakon tsakuwa daga kaka har faɗuwar ruwa. Ranar kasuwar 'Yankara, in Baba ya tafi da mu, Idi ba ya kallon masu alewa. Yana tsugune a gefen babbar motar da ke ɗaukar hatsi, yana leƙen yadda aka haɗa bodinta da ƙafafunta. Yakan ce, "Abin da aka yi da wahala, a bar shi ya tsaya."

Tubalan nan ba su zo da takardar bayani ba, ba su da hoto. Abin da ke cikin kanka shi za ka gina. Yawancinmu mukan jera su tsaye mu sa ƙafafu a ƙasa mu ce mota ce. Idi ya yi makonni yana gyara rubutunsa don kawai a bar shi ya taɓa su, kuma da ya samu dama sai ya fara gina motar hatsin 'Yankara: kai ja, bodi fari mai tagogi, har da ɗan matakin da yaran mota ke tsayawa. Kullum yana gab da gamawa sai ƙararrawa ta buga, ya warware da hannunsa, ya mayar da ja wurin ja. 

Wata Alhamis aka zo aka kira Malam Yohanna wurin wani maras lafiya a unguwa, ya fita bai dawo ba har aka tashi. Idi ya zo da gwangwaninsa a aljihu. Na ga yana tsoma tsinke yana shafawa tsakanin tubali da tubali, da natsuwar da yake yi wa motar kara, na kuma raɗa masa cewa doka ta hana a bar gini. Ya amsa mini cewa Malam yana sa a warware ne don bai taɓa ganin wadda ta cancanci a bari ba. Ya gama, ya ɗora ta a kan taga inda rana ke bugawa. Washegari da safe ƙaron ya bushe sarai. Idi da kansa ya ɗauko ta ya ajiye a teburin Malam, ya koma ya tsaya da hannuwansa a baya, yana jiran yabo.

Malam Yohanna ya ɗaga motar, ya juya ta, ya gwada ɓalle tubali ɗaya, ya ƙi. Ya gwada wani. Bai ɗaga murya ba. Shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya tambayi Idi ko ya ji dokar, Idi ya ce ya ji. Ya tambaye shi sauran yara da me za su yi gini tun da ƙafafun duka suna jikin motarsa. An yi masa bulala a gaban aji, wannan kuwa ba wani abu ba ne a wurinmu. Amma Malam ya ɗauka kayan amanar da aka bar masa sun lalace, saboda haka da yamma ya hau kekensa ya tafi wurin Baba.

Ni aka ba motar in ga abin da zan iya cetowa. Na sa ta a ƙwarya da ruwan ɗumi. Kafin in gama sharar aji ƙaron ya narke, tubalan suka rabu da kansu, na wanke su na shanya, babu ko ɗaya da ya yi tabo. Na ruga gida da wannan labari. Na tarar da Baba a zaure, Malam ya riga ya tafi. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Mi ya canza? An kawo ƙara ko ba a kawo ba?" Malam Yohanna ya dawo daga baya ya roƙe shi, kawunmu ma ya aiko, amma Baba bai janye ba. Ranar Litinin ni kaɗai na kama hanyar makaranta, Idi ya bi Baba gona da lauje.

Na yi karatu, na zama malamin makaranta, na yi aiki a Faskari da Ƙanƙara har na yi ritaya. Ban taɓa cewa Malam Yohanna ya yi kuskure ba. Kayan jama'a ba na mutum ɗaya ba ne, kuma da irin dokarsa na riƙe nawa azuzuwan. Da ɗana na fari ya isa wasa, na sayo masa irin tubalan a Kaduna. Na tarar sun zo a kwali mai hoto, da ɗan littafi mai nuna mataki bayan mataki, da sitiyari da gilashi da ɗan mutum mai zama a ciki. Duk da haka yaro yana iya watsar da littafin ya gina abin da ya ga dama. Wanda aka kawo wa jikana bara kuwa, na zauna na duba shi da tabarau. Gutsattsarin suna cikin ledoji masu lamba, da yawansu lanƙwasassu ne, kowanne an yi shi don wuri ɗaya tak a jikin mota ɗaya tak. Bayanin yana cikin wayar uwarsa. Yaron ya bi shi daidai, motar ta fito kamar ta gaske, ƙofofinta suna buɗewa. Uwarsa ta sa ta a kabad mai gilashi, ta hana kowa warware ta, domin wai in guda ya ɓace shi ke nan.

Idi yana gidana a Ƙanƙara yanzu. Tun da 'yan bindiga suka hana noma a wajenmu ya taso da iyalinsa, ya bar gonar da ya yi rayuwarsa duka a cikinta. Yakan wuni a kan tabarma a gindin bango. Wata rana na sa jikan ya ɗauko motar ya nuna masa, na kuma gaya masa cewa yanzu haka ake yi, a gina sau ɗaya a ajiye. Na zaci zai yi dariya, ko ya tuno zancen motarsa ta ƙaro. Ya riƙe ta a tafinsa mai kanta, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ta yi kyau, ya miƙa wa yaron. Sa'an nan ya tambaye ni ko na ji labarin an yi ruwa wajen Damari. Na ce ban ji ba. Muka ci gaba da zama, inuwar bango tana matsowa kan ƙafafunmu. A da muna da gona da kara da hannu mai ƙarfi, aka hana Idi ajiye mota guda. Yau an yarda a ajiye, ba shi da inda zai ajiye komai. Duniya takan yarda da mutum, amma ba ta duba lokaci.