Ni na koya wa Bashir kunna na'urar

Wuri na biyar ke nan Bashir ya haska a jikin samfurinsa, layin da ke kan kwamfuta bai gusa ba. Ina tsaye a bayansa ina kallo.

Aikinmu a ɗakin gwaje-gwaje haɗa sinadarai biyu ne, silikon da jamaniyom. Na'urar Raman ke haska samfurin. In haɗin ya gauraya daidai, duk inda ka haska, tsinin layin wuri ɗaya yake tsayawa. Nawa kuwa tsakiya daban, gefe daban, kamar furar da ba ta damu ba.

Bara fa ni na koya masa kunna na'urar nan, har a motar Gwagwalada ina masa bayani.

Na ce, "Kai dai sa'a gare ka."

Ya ce, "Wace sa'a, Yaya Nura? Kai ka ce in riƙa juya farantin da ake ɗora samfurin a kai lokacin haɗi. Kai ne ka daina, wai ɓata lokaci ne."

Ogan ɗakin gwajinmu ya leƙo, ya dafa kafaɗarsa. Ni ko kallo ban samu ba.

Na yi masa barka, amma wallahi a fatar baki ta tsaya. Jama'a, ya ake taya mutum murna alhali da shawararka ya wuce ka?