Diskin da Moumouni Ya Hana Barci

Moumouni mutumin Tasawa ne. Da direba ne, yana ɗauko fasinja daga Agadas zuwa Sabha, har ranar da bayansa ya ce ya gaji. Sai ya zauna a nan Sabha, a unguwar Abdulkafi, katanga ɗaya da ni, ya koyi gyaran waya. Mutum ne mai tsimi, kai, tsiminsa har haushi yake ba ni. Ko ashana ya ƙyasta sai ya duba ko za ta sake kamawa.

Masu wucewa arewa don tsallaka teku sun san ana ƙwace waya a hanya, don haka kafin su tashi sukan zo ya kwashe musu hotuna da bidiyo ya ajiye. Yana da wata 'yar kwamfuta a ƙuryar ɗaki, da diski biyu na ajiye bayanai a cikinta, abin da ke kan wannan yana kan wancan. Ciki har da bidiyon Siradji, wani manomin rani da ya bar matarsa Saadatou tana aikin lambu a Samnu, ya nufi teku. Tun daga nan shiru. Ita kuma wayarta ta faɗa ruwan ban ruwa, abin da ya rage na mijinta sai wanda ke wurin Moumouni.

To, wutar Sabha takan tafi ba sallama, batir ke riƙe gidan. Moumouni ya ga diski suna ta juyawa ba wanda ke taɓa su, abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga saiti ya zaɓi mafi gajeren lokaci: da zarar sun yi shiru, su kwanta. Ɗabi'ar direba ce, in ka tsaya ka kashe mota, mai ya huta. Ya manta da abin da shi da kansa yake faɗa wa sababbin direbobi, cewa yawan kashewa da tayarwa ke cinye sitata.

Wata rana da hantsi diski ɗaya ya fara ƙas-ƙas, ya mutu. Na biyun ma yana nishi kafin ya tashi. Moumouni ya kira ni, wai in taya shi saurare. Ni tela ne, me na sani? Amma na zauna. Sai mu ji diskin ya yi shiru, can sai wuuu, ya tashi, alhali ba wanda ya taɓa komai. Ya zaci wata na'ura ce a gidan ke tayar da shi, sai ya cire talabijin daga sadarwar da ta haɗa su da kwamfutar, bai daina ba. Ya kashe tasa wayar, bai daina ba. Sai matarsa Kadidiatou ta shigo daga tsakar gida da kwanon shinkafa, diskin ya ce wuuu.

"Ke, fita ki sake shigowa," in ji shi.

"Baban Ilham, lafiya kuwa?"

Ta fita, ta shigo, ya sake tashi. Ashe wayarta ce a ɗaure a bakin zane. A madafa sadarwar ba ta kaiwa, tana shigowa sai wayar ta nemi kwamfutar don ta ajiye hotuna. Mace mai shiga da fita tun asuba, haka ta yi ta tayar da su wata da watanni. Laifin ba nata ba ne, kuma bai ce nata ne ba.

Ya cire barcin daga saiti, amma ƙarar ba ta ƙare ba, domin shi diskin yana da nasa tsarin tsimin wuta a cikinsa. Sai da ya tono wannan ma ya kashe. Ya aro sabon diski ya fara kwashewa, yana tsoro, ya faɗa mini ƙarara: in tsohon ya sake kwanciya ba lalle ya tashi ba. Ana tsakiyar kwashewa aka ɗauke wuta. Ya zare firij, ya zare fanka, ya bar wa kwamfutar batir ita kaɗai. Muka zauna muna gumi har la'asar, aka gama kwashewa lafiya.

Saadatou ta zo ranar Juma'a. Ya kunna mata bidiyon. Ba wani abu ba ne, Siradji ne a tsaye a bakin shago yana dariya, yana cewa, "Malam Moumouni, riƙe wayar da kyau mana, ka yanke mini kai." Ta kalla har ƙarshe, ta ce a mayar.

"Malam, yana nan dai ko? Ba zai ɓace ba?"

"Yana nan, matar Siradji."

Har yau in wuta ta tafi ina jin fankarsa ta tsaya ta bayan katanga. Kadidiatou ta fito da tabarma waje tana mita, shi kuma yana ciki cikin zafi, diski na juyawa.